Jan Katin Baba Iddi

Hamburg, watan Maris

Zuwa ga taubashiyata Samiratu mai ɗinki, bayan kasuwar Nima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Nima, yaya zafi? Ni lafiya lau, sai ciwon bayan da zaman motar ɗaga kaya ya bar mini, shi ma da sauƙi. Ki gaida mini Kawu Iddi, wanda ke kike ce wa Baba, ki ce ina tambayar idonsa.

Na san za ki yi dariya da ganin takarda. Ke kika ce saƙon muryata ya fi huɗubar Idi tsawo, shi ya sa na koma wa Hausar bokon da Kawu ya koya mana da bulala a gefe. Na rubuta, na ɗauki hoto, na turo. Ki karanta in kin tashi daga kan keke.

Ga maganar. Shekarun nan na kamu da wata cuta, tara katin sauti na tsofaffin kwamfutoci. Wani falle ne da ya ɗan fi tafin hannu, yawanci kore, ana soka shi a cikin injin, shi ke ba kwamfuta murya. Na yanzu duk muryarsu ɗaya. Na da kuwa kowanne da tasa, kamar ladanan unguwa. Ranar Asabar ina bin kasuwar tsofaffin kaya ina tsinta, har matata Shifa ta ce na mayar mata da ɗaki bola.

Guda ɗaya ya gagare ni. Ja ne, ƙirar Kanada, irin wanda ke cikin injin Kawu lokacin da yake da shagon bidiyo a Maamobi. Kin tuna ranar da ya fara kunna shi? Muna leƙe ta taga, sai ga kalangu yana tashi daga cikin akwati babu makaɗi. Kakata ta yi a'uziyya, ta ja mu gida da kunne. Wallahi tun ranar kiɗan nan bai bar kaina ba.

A nan in irinsa ya fito, masu tarawa sun yi masa rubdugu kafin in buɗe ido. To amma tsofaffin injinan Turai ai a Accra suke ƙarewa. Don Allah ki leƙa mini wurin 'yan kondem, masu fasa tsofaffin injina, ga hotonsa nan na haɗa miki.

Ubangidanki,
Zulkarnaini

Nima, watan Afrilu

Zuwa ga bawana Zulkarnaini, Boga ɗan ci-ranin Jamus,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida ka, ka gaida Shifa ka ce ina taya ta haƙuri da kai. Baba Iddi yana amsawa. Ido dai ya tafi, haske da duhu kawai yake rarrabewa, amma kunne da baki suna nan garau.

Kafin komai, wa ya naɗa ka ubangida? Kakarka ƙanwar kakana ce, jikan mace kuwa bawa ne ko da ya saka Jamus a aljihu. Kuma dubi aikin da bawa ya ba uwargijiyarsa: in bar ɗinkin mutane in tafi tonon bola.

Na je dai. Agbogbloshie da ka sani ba ita ba ce yanzu, tun da aka tashi masu fasa ƙarfe daga wurin suka watsu. Sai da na yi ta tambaya kafin na tuna da Ziblim, wani Badagombe da nake yi wa matarsa ɗinki, yana da fili a wajen Alajo inda masu tura kura ke kawo masa kaya. Na hau tirotiro, motar hayar nan, na same shi. Da na nuna masa hoton sai ya dube ni, ya dubi mayafina, ya ce, "Hajiya, mai ciwon kai ne ya aiko ki ko mai kuɗi?" Na ce duka biyun.

Ya sa aka zazzage mini buhu-buhu a ƙasa. Na tsuguna ina tona har la'asar, mayafin nan ko wanki bai fid da shi ba. Abin da ba ka sani ba, kowane kati da ya shigo hannunsu, abin da suke fara yi shi ne su karye bakinsa, wurin nan mai ruwan zinariya da ke shiga cikin injin. Shi ake sayarwa dabam, sauran a ɗora a sikeli. Don haka duk abin da na ɗaga wawulo ne, ba haƙori ko ɗaya.

Kuma na ga jan. Na gan shi da idona a ƙasan buhu, sak na hotonka, gabana har ya faɗi don murna. Da na juya shi, an riga an karye. Ziblim ya ce makon jiya aka yi. Ni da ban san amfanin abin ba sai da na ji haushi.

Na tsinto maka kore biyu masu haƙora. Ziblim ya yi alkawari in ja ya sake zuwa zai hana mutanensa taɓa shi, amma ya ce kada ka sa rai, irin waɗannan injinan sun daina sauka.

Uwargijiyarka,
Samiratu

Hamburg, watan Mayu

Samiratu,

Sallama da gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ciwon bayan ya yi sauƙi, sanyi ma ya ja baya.

Makon jiya! Da na karanta wurin nan sai da na ajiye wayar na zaga ɗaki. Abin da ya tsallake teku, ya shekara talatin da ransa, ya zo ya mutu ana saura mako ki iso. Allah ya saka miki, mayafi kuma yana wuyana.

Bari ki ji dalilin da na nace wa jan. Shi yana da ɗan rumbu a jikinsa da ake zuba masa murya. Ke kina ƙarama ba za ki tuna ba, amma ni ina nan ranar da Kawu ya kawo mai goge da mai kalangu cikin shagon, ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya sa su suna bugawa ɗaya-ɗaya yana ɗauka. Gumi har ƙasa. Mai gogen ya yi fushi ya ce shi bai taɓa ganin inda ake sayen kiɗa tsinke-tsinke ba. Da waɗannan tsinkayen Kawu yake ɗinka wa kowane biki kiɗansa, ya sa a farkon kaset ɗin bidiyo lokacin da sunan ango da amarya ke hawa. Ba gidan da aka maimaita wa na wani. Har yau in na rufe ido ina jin warin shagon, turaren wuta da ƙurar kaset, da ƙosan Maame mai tuya da muke ci a ɓoye a bayan kanta.

Ki tambayar mini Kawu, da ya rufe shagon wa ya sayar wa injin? Wataƙila yana nan a ɗakin wani yana shan ƙura.

Naki,
Zulkarnaini

Nima, watan Yuni

Bawana,

Muna lafiya, sai ruwan sama da ya cika gota har ya leƙo mana tsakar gida. Allah ya tsare, keke bai jiƙe ba.

Na je Maamobi da tambayarka. Rabona da gidan Baba da yamma an daɗe, kullum da safe nake leƙa shi in wuce kasuwa. Wannan karon bayan la'asar na isa. Tun daga bakin lungu na ji goge. Na tarar da benci biyu a ƙofar ɗakinsa cike da tsofaffin unguwa, su Hajiya Zelia da Wadia mai koko, wata ma da tiren gyaɗarta. Injin bai sayar wa kowa ba, yana nan kan teburinsa an lulluɓe da zane. Da lalube yake kunna shi, ya haddace maɓallan. Wata ta ce, "Malam Iddi, sa mana na bikin Abibata," sai ya sa, sai hira ta ɓalle: wa ya yi rawa ranar, wa ya ɓata da wa a kan rabon nama, wa ya rasu tun daga nan. Wadia ta ce mini haka suke yi kullum in akwai wuta.

Da aka watse na gaya masa saƙonka. Ya ce, "Zulkarnaini ne ke nema?" Na ce shi ne. Ya ce, "Har yanzu yana tuna abin nan?" Ya kashe injin, ya ce in miƙo masa sukundireba. Na ce Baba tsaya tukuna. Bai tsaya ba. Da hannunsa ya kwance, ya zaro shi, ja wur, haƙoransa cif. Ya naɗe a hularsa ta saƙa ya miƙo mini.

Ya ce in faɗa maka ba ya amfani da shi, dama ƙura yake sha, ka ɗauka. Ya kuma ce kada in ƙara komai a kan maganarsa, don haka ban ƙara ba. Na faɗa maka abin da ya ce, na kuma faɗa maka abin da na gani.

Hajiya Mariam mai kai kaya Jamus za ta tashi ƙarshen wata mai zuwa. Katin yana cikin akwatina. Ka karanta takardar nan da kyau, sai abin da ka ce.

Samiratu

Hamburg, watan Yuli

Uwargijiyata, yau na yarda da sunan,

Gaisuwa da godiya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ina ta haƙilo a kasuwannin Turawa, ashe abin yana Maamobi a ƙarƙashin zane. Kuma ba irinsa ba, shi ɗin kansa, wanda muka leƙa ta taga.

Ki ba Hajiya Mariam, ki ce ta sa a jakar hannu, kada ya shiga cikin kayan awo. Na riga na kai wa 'yarta da ke nan Hamburg wani kati kore mai kyau daga cikin nawa, sabo fil a kwalinsa, za ta aiko a ba ki. A soka wa Kawu a madadin wancan don tsofaffinsa su ci gaba da hirarsu. Ki ce masa na gode, na gode, Allah ya ƙara girma. Na gyara wa jan katin wuri a tsakiyar kanta, inda haske ke faɗawa.

Zulkarnaini

Nima, watan Oktoba

Zulkarnaini,

Muna lafiya. Na ga takardunka da kiranka, na ƙi amsawa ne da gangan, don in na amsa a lokacin zan faɗi abin da wasan taubasai ba zai ɗauke ba. Yanzu ma ban huce ba, amma Shifa ta roƙe ni.

Kai wane irin mutum ne? Jamus ta cinye maka kunne ne ko ido? Dattijo ya ce maka ba ya amfani da abu alhali abin yana kiɗa a gabansa, kai kuma ka ce a sa a jakar hannu. Kara ya yi maka. Ka manta yadda ake yi? Babba ya miƙo maka abin da yake so don ka yaba, kai kuma ka ce a'a Baba, a bar shi a wurinka, ganinsa ma ya ishe ni. Ya nace, ka nace, a rabu kowa da mutuncinsa, abu kuma ya zauna inda yake. Ko yarinyata ta san wannan. Na rubuta maka benci biyu, na rubuta maka sunayen mutane, me ya rage in yi, in zana maka hoto? Na so in riƙe katin in yi ƙarya, sai ya tambaye ni amsarka, na karanta masa, ya sa aka raka shi har gidan Hajiya Mariam don ya tabbata na bayar.

Koren naka an soka. Kai da bakinka ka ce kowane kati da muryarsa. Da aka sa na Abibata, abin da ya fito kamar sauro a cikin gwangwani, ba goge ba kalangu. Hajiya Zelia ta ce, "Wannan ba bikin 'yata ba ne." Baba ya yi dariya ya ce injin ne ya tsufa. Ya gwada wani, ya gwada wani, sannan ya kashe ya ja zane ya rufe. Bai sake buɗewa ba.

Tsofaffin sun ci gaba da zuwa kwana kaɗan don kunya. Amma zama ba abin da zai tayar da hira, sai wannan ta ce jikanta na kuka, waccan ta ce ƙafa. Yanzu mai gidan da Baba ke zaune ya kwashe benci ɗaya. Ranar Juma'a na same shi bayan la'asar shi kaɗai, ya juya fuska wajen lungu, rediyo a cinya ba a kunne ba. Ya rame. Bai ambace ka da mugun abu ba ko sau ɗaya, kullum sai dai ya ce, "Ya isa lafiya? Yana yi masa kiɗa?" Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Kada ka ce za ka dawo da shi, na riga ka. Na ce masa bari in sa a maido, sai ya ɗaure fuska ya ce in kiyaye shi, Annabi ya hana mutum ya yi kyauta ya karɓe, shi ba zai yi amai ya lashe ba da furfurarsa. Ka san halinsa in ya kafe.

Sai ka zauna da kantarka mai haske.

Samiratu

Hamburg, watan Nuwamba

Samiratu,

Sallama. Lafiyar jiki akwai, ta zuciya ce babu tun da na karanta takardarki. Ba ni da bakin kare kaina. Na ga bencin nan a rubutunki, son abin ne ya sa na tsallake shi.

Ga kuma abin da ban gaya miki ba. Ranar da katin ya iso na soka shi a injina. Ya yi aiki sarai, amma kiɗan Turawa ya yi mini. Gogen da kalangun ba a jikinsa suke kwana ba, suna cikin injin Kawu, kullum sai an kunna ake zuba masa su. Na san haka tun ina yaro, ɗoki ya mantar da ni. Na raba su, nan ba kiɗa, can ba kiɗa.

Na yi ta juya maganar kyauta, Shifa ce ta buɗe mini hanya. Hajiya Mariam za ta sauka Accra wata mai zuwa, katin yana jakarta cikin hular da ya zo da ita. In kin kai, kada ki ce an dawo da shi. Ki karanta masa wannan yadda na rubuta:

"Kawu, ina gaisuwa. Kyautarka ta iso, na karɓa da hannu biyu, katin nawa ne har abada. Sai dai ɗakina a nan yana da danshi, kuma irin wannan abu in ya daɗe ba ya aiki lalacewa yake yi. Ba ni da injin da ya san shi sai naka. Ina roƙon ka ajiye mini shi amana, ka riƙa kunna shi kullum don kada ya mutu. Ba ni da wanda zan ba ajiyar nan sai kai."

Ban sa ƙarya a ciki ba, har danshin gaskiya ne. Ki taimake ni, Samiratu.

Zulkarnaini

Nima, watan Disamba

Zulkarnaini,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ka gaida Shifa, ka ce ita ce mai hankalin gidan.

Saƙo ya iso, jiya na kai. Na tsuguna na karanta masa takardarka ban tsallake ko harafi ba. Ya yi ta murza hular a hannunsa. Can ya ce, "Ajiya ya ce?" Na ce ajiya. Ya ce, "Ba maidowa ba?" Na ce Baba ga takarda nan, in kana so a kira wani ya sake karantawa. Ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Ɗan banza, ashe da sauran Nima a jikinsa."

Ya zaro koren ya ba ni, ya ce in mayar maka, wannan dama aro ne. Ya hana ni taɓa jan, shi ya lalubi ramin ya soka. Da ya kunna, goge ya tashi, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ban san ina kewar abin ba sai lokacin. Kiɗan bikina ya sa, wanda ba ka zo ba don ka riga ka tafi. Ina tsaye da jakar ɗinki a hannu ina hawaye kamar wata sakarya.

Ba wanda aka aika. Wadia ce ta fara leƙowa da ludayi a hannu, ta koma ta kira Hajiya Zelia. Kafin a kira magariba an nemo bencin da aka kwashe, ana ta faɗa a kan wanda za a fara sa wa nasa. Baba yana tsakiya yana raba gardama, muryarsa har bakin lungu.

Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce in rubuta maka wannan, kada in rage kada in ƙara:

"Na karɓa, don ajiya ba a ƙin ta. Amma ya sani ya ɗora mini nauyi. Na kusa tamanin, ba na so a wanke ni da kayan wani a ɗakina. Ba zan ba Hajiya Mariam ba, ba zan ba Samiratu ba, mai ajiya shi ke karɓar ajiyarsa hannu da hannu. Ya zo ya karɓi abinsa tun ina iya miƙa masa."

Wancan karon ya hana ni ƙari na yi shiru, ka ga abin da ya biyo baya. Wannan karon zan ƙara, ya yafe mini. Da zai soka katin sai da ya huta a tsakani, numfashinsa yana fita da ƙyar. A watan Yuni ba haka yake ba. Wannan maganar tasa ba kara ba ce, kada ka tsaya neman abin da ke bayanta. Kada ka ce mini sai baɗi.

'Yar'uwarka,
Samiratu